Almajiran da Ba Su Bar Gida Ba

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada a majami'ar unguwarmu, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran mahaifiyata ta fito daga taron Zumuntar Mata. Wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya matso kusa da motocin da ke fita, da 'yar robarsa a hannu, ƙafafunsa sun yi furu-furu da ƙura. Ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya ya sauke gilashi ya daka masa tsawa: "Kai almajiri, ɓace mini daga nan!" Yaron ya ja da baya, mota ta wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko awa ɗaya ba a yi ba da dattijon nan ya tsaya a gaban jama'a ya karanta nassi game da Yesu da almajiransa, ya kuma roƙi Allah ya mai da mu almajiran ƙwarai. Kalma ɗaya ce ta fita daga bakinsa sau biyu a safiya ɗaya. A cikin majami'a ta zama kirari, a bakin ƙofa ta zama zagi.

Tun daga ranar nake juya wannan kalma. Asalinta Larabci ne, daga al-muhajir, wato wanda ya yi ƙaura ya bar gida. A ƙasar Hausa almajiri shi ne wanda ya rabu da ɗakin uwarsa da tuwon gidansu, ya bi malami duk inda ya sa ƙafa, ya kwana inda ya kwana, ya ci abin da ya samu. Ban ɗauki alƙalami don in yabi halin da yaran tituna suke ciki ba, domin wannan abin kunya ne a kanmu baki ɗaya, Musulmi da Kirista. Ma'anar kalmar nake bi. Ita ce ta zauna a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, a matsayin sunan masu bin Yesu Almasihu. Da ɗalibi aka ce, da mun sami mafaka, domin ɗalibi yakan ɗauki jakarsa ya koma gida idan an kaɗa ƙararrawa. Almajiri kuwa ba shi da lokacin tashi. Rayuwarsa ce gaba ɗaya ta koma hannun malaminsa.

Ƙarar da nake shigarwa a wannan muƙala ita ce: mu Kiristocin wannan zamani mun karɓi sunan almajiranci mun ƙi ƙaurarsa. Muna son a kira mu mabiya alhali ba mu tashi daga inda muke ba. Ba mu bar son kuɗi ba, ba mu bar ƙabilanci ba, ba mu bar ƙarya a ofis ba, ba mu bar ƙiyayyar maƙwabci ba. Abin da muka yi shi ne muka ɗauko Yesu muka ba shi ɗaki a cikin tsohon gidanmu, muka sa masa sharaɗin kada ya taɓa kayan ɗaki. Mafi muni, wasu daga cikin masu wa'azinmu sun mai da wannan zaman banza koyarwa, suna sayar da ita kowace Lahadi. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mun ci ladan, ga askar a ajiye.

Mu fara da shi wanda muke cewa muna bi. Duk mai karanta Linjila da idon basira zai lura da wani hali na Yesu da babu wani mai neman jama'a da zai yi koyi da shi: idan taro ya yi yawa, sai ya faɗi maganar da za ta rage shi. A sura ta 14 ta Luka, jama'a sun yi dafifi a bayansa, sai ya juyo ya shaida musu cewa wanda bai fifita shi a kan iyaye da mata da 'ya'ya da ransa ba, ba zai iya zama almajirinsa ba. Ya buga musu misali da mai ginin hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafin kuɗi kafin ya haƙa tushe, da sarkin da ke da dakaru 10,000 da ya kamata ya yi shawara kafin ya tari mai 20,000. A sura ta 9 ta wannan littafi, wani ya zo da zumuɗi zai bi shi, sai ya gaya masa cewa shi kansa ba shi da makwanci. A sura ta 6 ta Yohanna, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya fito fili ya ce wa masu nemansa cikinsu ne ya kawo su, kuma kafin surar ta ƙare da yawa daga cikin almajiransa sun juya baya. A sura ta 10 ta Markus, attajiri mai ladabi, mai kiyaye dokoki, irin wanda kowane fasto zai so ya naɗa ma'ajin ikkilisiya, ya ji sharaɗin rabuwa da dukiyarsa ya tafi da baƙin ciki. Yesu ya ƙaunace shi, amma bai bi shi da gudu yana rage farashi ba.

Gicciyen da ya ce a ɗauka kuma, mu ne muka mai da shi sarƙar wuya da adon bango. Masu sauraronsa sun san abin da yake nufi. Marubucin tarihi Josefus ya ba da labarin cewa bayan mutuwar Hirudus Babba, gwamnan Roma na Suriya, Barus, ya gicciye mutum 2,000 a ƙasar Yahudiya don ya murƙushe tawaye. Mutumin da aka gani ɗauke da gungumen gicciye a kan hanya, an san ba zai dawo cin tuwon dare ba. Wannan hoton Yesu ya zaɓa don ya bayyana rayuwar mabiyinsa, kuma a Luka ya ƙara da cewa kowace rana za a ɗauka.

To, ya kai mai karatu, ajiye wannan a gefe ɗaya, ka fita ka dubi allunan tallan tarurrukan addini da suka cika mahaɗar hanyoyinmu. Za ka ga daren buɗe ƙofofin arziki, da makon karɓar mota da biza, da taron rushe maƙiya. Shiga ciki ka ji yadda ake kiran mutane gaba bisa ga nauyin aljihunsu: masu shuka iri na naira 100,000 su fara fitowa, sai masu 50,000, har a gangaro kan gwauruwar da ta ƙulle kuɗin cefane a bakin zane. Ana gaya mata cewa Allah zai ninka mata kafin wata ya mutu. Idan bai ninka ba, an riga an tanadi amsa: bangaskiyarta ce ta yi rauni. Babu ɗan kasuwar da ya taɓa samun ciniki mai daɗi irin wannan, inda riba tasa ce, asara kuma laifin mai saye ce.

Ayoyin da ake kafa wannan ciniki a kansu kaɗan ne, kuma an ja su har sun tsinke. Aya ta 2 ta wasiƙar Yohanna ta uku gaisuwa ce da dattijo ya aika wa abokinsa Gayus, irin fatan lafiya da alheri da kowa ke buɗe wasiƙa da shi, amma an mai da ita takardar alkawarin dukiya ga kowane mai bi. Sura ta 3 ta Malakai kan zakka ana karanta ta kusan kowane mako, alhali a wannan surar ce Allah ya ambaci masu danne haƙƙin ma'aikaci da gwauruwa da maraya da baƙo cikin waɗanda zai hukunta, kuma ban taɓa jin an tsaya a wannan ayar kafin a zagaya da kwanon baiko ba. A sura ta 23 ta Matiyu, Yesu ya tsawata wa masu fitar da zakkar ganyen miya suna watsi da adalci da jinƙai da aminci. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, wani mai sihiri a Samariya ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya la'anci kuɗin a gabansa. Bulus kuwa, da aka matsa masa ya nuna shaidar manzancinsa a sura ta 11 ta wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa, sai ya lissafa bulala 39 har sau biyar, da dukan sanda sau uku, da jifa sau ɗaya, da haɗarin jirgin ruwa sau uku, da yunwa da sanyi. Da a yau ya zo neman mumbari da wannan tarihi, da an tura shi ɗakin addu'a a karya masa la'anar gado.

Ba daga littattafai kaɗai na san cewa bin Yesu yana da farashi ba. Kakana Bamaguje ne, kuma shi ne ɗan fari a gidan da ke riƙe da tsafin dangi. Da ya karɓi baftisma, ya ƙi yanka a gindin tsamiyar gidan, sai 'yan'uwansa suka raba gonar gado ba da shi ba. Shekaru ya yi yana ƙodago a gonakin mutane kafin ya mallaki tasa. Ban riske shi ba, kakata ce ta ba ni labari. Wata rana ina hutu daga jami'a na karanta mata wata takardar talla da ke cewa duk wanda ya karɓi Yesu talauci ya ƙare masa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Maigidana, ai mu da muka karɓe shi gonarmu ya fara ci." Na ce, "Iya, to me kuka samu?" Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Shi muka samu." Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ban ji wani malamin tauhidi ya taƙaita al'amarin fiye da haka ba.

Waɗanda suka kawo saƙon su ma ba riba suka zo nema ba. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Daga wannan yunƙuri da ya fara da kaburbura biyu ne mishan ɗin SIM ya tsiro, daga gare shi kuma aka sami ikkilisiyar ECWA. Mutum na iya sukar Turawan mishan a kan abubuwa da dama, ni ma ina da tawa sukar, amma babu mai cewa waɗannan biyun sun zo ne don a ninka musu iri.

A Jamus, wani matashin malamin tauhidi, Dietrich Bonhoeffer, ya ga irin wannan cuta a ikkilisiyar ƙasarsa lokacin da da yawa daga cikin shugabanninta suka rusuna wa Hitila. A littafinsa kan almajiranci, wanda ya fito a 1937, ya raɗa wa cutar suna alheri mai araha, wato gafarar da ake rabawa ba tare da tuba ba. Abin da ya ba maganarsa nauyi shi ne abin da ya biyo baya. A watan Yuni na 1939 abokansa sun fitar da shi zuwa Amurka, inda zai zauna lafiya ya koyar, amma cikin 'yan makonni ya hau jirgi ya koma Jamus. An kama shi a 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 39.

Na san amsar da za a ba ni a nan, kuma amsa ce mai ƙarfi. Za a ce: kai yaro, wa zai koya wa Kiristan Arewacin Nijeriya ɗaukar gicciye? Ba mu muka binne 'yan'uwanmu ba? Ba daga cikinmu Leah Sharibu ta fito ba, yarinya 'yar shekara 14 da aka sace tare da 'yan makarantar Dapchi ranar 19 ga Fabrairu, 2018, aka mayar da sauran waɗanda suka rayu bayan wata ɗaya, ita aka riƙe ta saboda ta ƙi barin addininta? Ba namu ne Rabaran Lawan Andimi na ikkilisiyar EYN ba, shugaban CAN na Michika, wanda ya bayyana a bidiyon masu garkuwa da shi cikin natsuwa yana barin al'amarinsa a hannun Allah, aka kuma kashe shi a watan Janairu na 2020? Haka ne, kuma ina sunkuyar da kai a gaban waɗannan sunaye. Sai dai a nan ne ƙarata ta fi zafi. Mun mai da wahalar waɗannan bayin Allah garkuwar da muke ɓuya a bayanta. Muna ɗaga hoton Leah a taro, mu koma ofis ranar Litinin mu ƙara sifiri a takardar kwangila. Yarinyar da aka ɗora wa bindiga ta ƙi faɗin kalmar da ba ta gaskata ba, mu kuwa da ba wanda ya nuna mana ko tsinke muna sa hannu a kan ƙarya don kada maigida ya ɓata rai. Gicciyen wani ba ya zama naka don kun fito daga majami'a ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tunda laifi tudu ne, bari in sauko daga kan nawa. Lokacin bautar ƙasa an tura ni koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma a can ni ne sakataren ƙungiyar Kiristoci masu bautar ƙasa na yankin. Da jarrabawar kammalawa ta zo, aka sa ni cikin masu sa ido. A safiyar farko an tara ɗalibai an yi addu'a, sannan mataimakin shugaban makarantar ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, yaran nan 'ya'yan talakawa ne, taimako za mu yi musu. Kai dai ka tsaya a bakin ƙofa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba matsala." Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon fili, a bayana ana rubuta amsoshi a allo. Wata malama, uwa ce mai 'ya'ya huɗu da ta kusa ritaya, ta ce ita ba za ta shiga ba. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ta dai ajiye takardun ta fita. Aka cire ta daga jerin masu sa ido, aka daina gaishe ta a ɗakin malamai. A ƙarshen jarrabawa aka ba ni ambulan mai naira 10,000. Ranar Lahadi na cire 1,000 na sa a ambulan ɗin zakka, na rubuta sunana a bayansa da kyakkyawan rubutu.

Babu wanda ya yi mini barazana. Abin da zan rasa bai wuce fara'ar mutum ɗaya da kuɗin da ba su kai sulusin alawus ɗina na wata ba, wanda a lokacin naira 33,000 ne. A kan wannan na sayar da abin da kakana ya ba da gona a kansa. Tun daga nan na daina yarda da kaina idan ina rera waƙoƙin da ke cewa zan bi Yesu har mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai iya cewa a'a ga ambulan ba, da wane baki zai ce a'a ga bindiga? Yawancinmu ba za a taɓa kiran mu zuwa shahada ba. Za a kira mu ne a ɗakin jarrabawa, da teburin akanta, da rumfar zaɓe, da ma'aunin hatsi a kasuwa, da ɗakin da matarmu ke jiran mu faɗi gaskiyar inda muka kwana. A waɗannan wurare ake gane almajiri, kuma a nan ne muka fi faɗuwa.

Akwai wata ƙaura da ta fi ta kuɗi wuya, ita ce barin ƙiyayya. Umarnin Yesu a sura ta 5 ta Matiyu cewa a ƙaunaci maƙiyi a kuma yi wa mai tsanantawa addu'a ba shi da wani sharaɗi a gefensa da ya keɓe mutanen da aka ƙona wa gari. Ban faɗi wannan da sauƙin baki ba, na san iyalan da har yau ba su koma gonakinsu ba. Neman adalci wajibi ne, matsa wa hukuma ta kare rayuka wajibi ne. Amma addu'ar da ke kiran wuta a kan wata ƙabila ko wani addini gaba ɗaya, da murnar da wasu ke yi a ɓoye idan an tare matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba, waɗannan ba daga malaminmu muka koyo su ba. Sa'ad da Yakubu da Yohanna suka nemi izinin kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, tsawata musu ya yi. A cikin ikkilisiya ma ba mu bar gida ba: zaɓen shugabanni ya zama ƙidayar ƙabilu, kuma Bahaushe Kirista ya san yadda ake kallonsa da ido biyu, a waje ana ce masa ya bar dangi, a ciki ana tambayar ko na gaske ne.

Wanda ya tuna mana darasin Basamariye a zamaninmu limamin masallaci ne. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari a ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, Imam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kiristoci, a gidansa da masallacinsa, ya fita ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Yesu ya ba da misalin Basamariye ne ga masanin Attaura, ya ɗauko gwarzon labarin daga mutanen da mai tambayar ya raina, don kunya ta koya masa abin da ilimi bai koya masa ba. Tambayar da ta rage mana ita ce: idan masu gudun Musulmi ne, majami'u nawa ne za su buɗe ƙofa, fasto nawa ne zai tsaya a gaban matasan unguwarsa ya ce sai dai a fara da shi? Na san akwai waɗanda suka yi haka, Allah ya san su. So nake a riƙa koyar da shi daga mumbari a matsayin aikin kowane almajiri, tun kafin ranar ta zo.

Saura hujjoji biyu da ya kamata in amsa. Ta farko ta masu ilimin tauhidi ce: za su ce ina mai da ceto ladan aiki, alhali kyauta ne ta wurin bangaskiya. Ban musa ba. Amma sura ta 2 ta Afisawa, wadda ta ce ceto ba ta wurin ayyuka ba ne, a ayar da ke biye ta ce an halicce mu ne domin kyawawan ayyuka. Kyautar ce ke jawo ƙaurar. Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara komai ba, wannan shi ne alheri. Amma kafin a tashi daga zaman, ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma ɗauki alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Mu mun koyi karɓar baƙon, mun tsallake mayar da kayan mutane. Shi ya sa ɓarawon dukiyar jama'a zai iya yin godiya ta musamman a gaban bagade, a tafa masa, ba wanda zai tambaye shi asibitin da kuɗin ya kamata su gina.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya: za a ce talaka na buƙatar bege, kuma wa'azin gicciye ga mai jin yunwa rashin tausayi ne. Talauci ba tsarki ba ne, ni ma ina neman aiki, ina kuma roƙon Allah ya buɗa mini. Linjila ta ambaci mata masu hali da suka tallafa wa Yesu da dukiyarsu, da Yusufu na Arimatiya da ya ba da kabarinsa. Amma wane ne mara tausayi tsakanin wanda ya gaya wa gwauruwa gaskiya da wanda ya karɓe kuɗin cefanenta ya sayar mata da mafarki? Ikkilisiyar farko ta amsa yunwa da rabo. A sura ta 4 ta Ayyukan Manzanni masu gonaki ne suka sayar suka kawo, aka raba wa mabukata, a sura ta 6 kuma aka zaɓi mutum bakwai musamman don kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci. A wancan tsari kuɗi daga sama suke gangarowa ƙasa. Mu mun juya kwaryar, muna tatsar na ƙasa don na sama ya ƙara mota.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Masu shirya mutane domin baftisma su karanta musu sura ta 14 ta Luka kafin su kai su bakin ruwa, su bar su su yi lissafi. Kowace ikkilisiya ta karanta wa membobinta abin da ya shigo da inda ya tafi, da kason da ya isa hannun gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira. A daina kiran masu bayarwa gaba bisa ga yawan kuɗinsu, tunda wasiƙar Yakubu ta hana fifita mai zoben zinariya a wurin zama. A mayar da koyarwar biyan haƙƙi cikin tuba, yadda wanda ya ci kuɗin jama'a zai ji daga bakin fastonsa cewa baiko ba ya wanke sata. Iyaye kuma su daina biyan kuɗin satar amsa da hannun dama suna riƙe da Littafi Mai Tsarki a hagu. Idan wannan ya rage yawan masu zuwa sujada, to ya rage. Wanda muke bi ya ga taron dubbai ya watse, ya juya ga sha biyun da suka rage ya tambaye su ko su ma za su tafi.

Ni kuwa na yi lissafin Zakka a kan ambulan ɗina, ya kama naira 40,000. Na tara su a hankali na biya wa wasu ɗalibai biyu kuɗin darasin share fage, da sharaɗin za su rubuta jarrabawarsu da kansu. Ban ɗauka wannan ya goge abin da na yi ba, domin yaran da na tsaya wa a bakin ƙofa suna nan da takardun da ba nasu ba, wataƙila wani cikinsu yana neman shiga makarantar koyon jinya. Na kuma nemi lambar malamar nan na kira ta. Na ce, "Mama, ni ne ɗan bautar ƙasar da ya tsaya a bakin ƙofa, na kira in ce ke ce kika yi daidai." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wata jarrabawar tana zuwa, sai ka shirya."